Wuni Ɗaya a Bora Bora: Jagorar Fasinjan Jirgin Ruwa Daga Saukowa Zuwa Komawa

Ƙofa ɗaya ce tak babban jirgi ke bi ya shiga Bora Bora. Sunanta Teavanui, wata tsaga ce a jikin katangar murjanin da ta kewaye tsibirin, ta ɓangaren yamma. Da sassafe jirgin yawon shaƙatawa kan ratso ta, ya zo gaban garin Vaitape ya jefa anga a tsakiyar ruwa, domin irin waɗannan jirage ba sa jingina da kwata a nan. Daga nan sai ƙananan jiragen jigila su shiga kwasar mutane zuwa gaɓa. Wasu jiragen na kwana, amma da yawa yamma na yi za su ɗaga anga su yi gaba. Abin da ke hannunka ke nan bai wuce awa bakwai ko takwas ba, kuma a cikinsu ne za ka cire lokacin layi, da na cin abinci, da na salla.

Shi ya sa shawarata tun daga farko ita ce ka zaɓi abu ɗaya ka yi shi sosai. Taura biyu ba ta taunuwa, balle a wuni guda.

Tun kana gida

Bora Bora na cikin Polinesiya ta Faransa, a tsakiyar tekun Pasifik, sama da kilomita 200 arewa maso yammacin Tahiti. Mazaunanta sun ɗan haura 10,000. Ƙarƙashin Faransa take, amma ba ta cikin yankin Shengen, don haka kada ka ɗauka bizar da ta kai ka Paris ita ce za ta kai ka can. Mai fasfon Najeriya, Nijar, Ghana, Kamaru ko Chadi ya nemi bayani daga ofishin jakadancin Faransa a kan bizar yankunanta na ƙetare, ya kuma sa kamfanin jirgin ya rubuto masa abin da suke buƙata ga kowace tashar da za a tsaya. Rubutacce nake nufi, ba magana ta waya ba, domin ranar shiga jirgi takarda za a duba.

Akwai wani tarko da ke kama mutane. Idan jirgin ruwanka daga Papeete, babban birnin Polinesiya ta Faransa da ke Tahiti, zai tashi, yawancin jiragen sama da ke zuwa can daga Paris sukan ya da zango a Amurka, kuma Amurka ba ta barin mutum ya ratsa filin jirginta ba tare da izininta ba, ko da awa biyu zai yi. Sai ka haɗa da wannan a lissafi. Katin allurar zazzaɓin shawara kuma ya zauna cikin fasfo, tunda daga ƙasar da ake lissafawa cikin masu cutar ka fito.

Ka kuma duba girman jirgin kafin ka biya. Daga 2022 an ƙayyade fasinjojin jiragen yawo da za su sauka Bora Bora kada su wuce 1,200 a rana. Manyan jirage masu dubban mutane sukan tsaya Tahiti, Moorea ko Raiatea ne kawai. Ƙanana irin su Paul Gauguin, mai ɗaukar mutum 330 ko makamancin haka, su ne ke shiga nan a kai a kai. Idan da hali ka zaɓi tsakanin Mayu da Oktoba, lokacin da ruwan sama ya yi sauƙi. Daga Nuwamba zuwa Afrilu damina ce, ga zafi ga laima.

Daren jajibiri

Kowane dare ana kawo takardar shirin gobe ɗakinka, ko a saka shi a manhajar jirgin. Abu uku za ka nema a ciki: lokacin da jigila za ta fara, lokacin jirgin jigila na ƙarshe daga gaɓa, da lambar wayar wakilin jirgin a tsibirin. Ka ɗauki hoton shafin da wayarka, ka kuma rubuta lambar a takarda, domin waya na iya faɗawa ruwa.

A daren nan ne za ka yanke shawara tsakanin ruwa da tudu. A ganina, wanda ya zo Bora Bora bai shiga tafkinta ba, da sauransa. Garin Vaitape titi ɗaya ne da 'yan shaguna, ba za ka yi awa guda ba ka gama da shi. Abin da ya sa duniya ta san sunan tsibirin shi ne ruwan da ke tsakanin babban tsibiri da ƙananan tsibiran yashi da suka yi masa zobe, waɗanda 'yan ƙasar ke kira motu.

Sai tambayar wa zai kai ka. Yawon da aka saya ta hannun jirgi ya fi tsada, amma yana da fa'ida biyu: ku ne za a fara saukewa, sannan idan mai kwale-kwalen ya makara, jirgi zai jira ku. Wanda ka shirya da kanka da masu kwale-kwalen gari ya fi araha, mutanen ciki ma ba su da yawa, amma idan ka makara ba wanda zai jira ka. Idan ka zaɓi na biyun, ka ɗauki na safe wanda zai ƙare da tsakar rana, ka bar wa kanka ratar aƙalla awa biyu kafin jigila ta ƙarshe.

Jakar ta zama ƙarama. Katin ɗakinka na jirgi, wanda shi ne shaidarka ta fita da shiga, da kwafin fasfo, da kuɗi kaɗan a leda mai zif, da gorar ruwa, da tawul, da hula mai faɗi, da man kariya daga rana, da maganin sauro. Baƙar fata ma tana ƙonewa a wannan rana, musamman kafaɗa da bayan wuya idan mutum ya kife a kan ruwa yana kallon kifi. Takalmin roba mai rufe ƙafa ya fi silifa, zan faɗi dalili a gaba. Zazzaɓin cizon sauro irin namu babu shi a can, amma akwai sauron da ke kawo zazzaɓin dengi, kuma da rana yake cizo. Kada ka ɗauko 'ya'yan itace ko nama daga wurin cin abincin jirgi ka fito da su, ana hanawa don kare amfanin gonar tsibiran.

Hajiya kuma kada batun sutura ya hana ki shiga ruwa. Riga mai dogon hannu ta ninƙaya da dogon wando, ki ɗaura zane a sama, haka mata da yawa ke yi a can saboda rana, ba wanda zai kalle ki. Abin da za ki guje wa shi ne doguwar riga mai nauyi ko mayafi mai yawo, yana shan ruwa ya naɗe ƙafa.

Saukowa

Ka karya da wuri. A jirage da yawa sai ka karɓi tikiti mai lamba, a kira ku rukuni-rukuni. A bakin ƙofa za a duba katinka da na'ura, sannan ka sauka matakala zuwa ƙaramin jirgin. Wurin tsallakawa shi ne inda ake jin ciwo: ƙaramin jirgin na hawa yana sauka da igiyar ruwa, don haka ka rataya jakarka a baya, hannuwanka biyu su zama wofi, ka miƙa wa ma'aikacin hannu ka jira ya ce ka taka. Tafiyar 'yan mintoci ce.

Agogonka ya bi agogon jirgi. Bora Bora na bayan Najeriya da Nijar da awa 11: ƙarfe 8 na safe a can, ƙarfe 7 na dare ne a Kano. Wayar da ke sauya lokaci da kanta na iya rikicewa tsakanin intanet ɗin jirgi da layin tsibiri, gara ka saita ta da hannu.

A bakin kwatar Vaitape

Da fitowarka za ka tarar da rumfar masu sana'ar hannu, da masu motocin haya, da masu kwale-kwale riƙe da alluna. Ka yi gaisuwa kafin ka tambayi komai. "Ia ora na" ita ce sannu, "mauruuru" na gode, "nana" sai an jima. Da Faransanci da yaren Tahiti ake magana, saboda haka mutumin Maraɗi ko Garwa da ya yi boko ya fi na Zariya sakewa a nan, ko da yake masu harka da baƙi suna jin Turanci.

Kuɗinsu faran ne na Pasifik, wanda ake rubutawa CFP ko XPF. Kada mutanen Nijar su rikita shi da sefa. Tare aka ƙirƙiro su a Disamban 1945, duka biyun kuma a ɗaure suke da Yuro, amma darajarsu ta bambanta: Yuro 1 faran 119.33 ne na Pasifik, wato faran 1,000 ya kama Yuro 8.38, kuma faran ɗaya nasu ya kai sefa 5 da rabi. Takardun kuɗin na 500 ne, da 1,000, da 5,000, da 10,000. Akwai bankuna da na'urar cire kuɗi a Vaitape. Masu rumfa kan karɓi Dala, sai dai canjin da za su yi maka ba zai yi maka daɗi ba. Ka ciri kaɗan na mota da ruwa da tsaraba.

Abu biyu da za su ba Bahaushe mamaki: ba a cika yin ciniki ba, farashin da aka rubuta shi ne, kuma tukwici ba dole ba ne. Kada ka tsaya kana cewa a rage, za a ga kamar ka raina aikin hannun mutum. Idan kuma ranar Lahadi kuka iso, yawancin shaguna a rufe suke, mutane na coci.

Cikin tafki

Kwale-kwalen mai inji ne, galibi da wani dogon itace da aka ɗaura masa a gefe ɗaya don kada ya kife, irin ƙirar kakanninsu. Yawon rabin wuni kan tsaya wuri uku ko huɗu.

Kafin a tashi ka gaya wa mai kwale-kwalen gaskiya idan ba ka iya ruwa ba. Ba abin kunya ba ne, da yawanmu a tudu muka tashi. Ka nemi rigar hana nutsewa, ka ɗaure ta tam, kada ka cire ta don ka ga wasu ba su saka ba.

Tsayawa ta farko galibi a kan yashi ce, inda ruwan bai wuce ƙugu ko ƙirji ba, kuma a tsaye za ka kasance. A nan ake haɗuwa da wani kifi mai faɗi kamar faifai, mai doguwar wutsiya da ƙaya a gindinta. Ya saba da mutane, zai zo yana gogar ƙafarka. Ƙa'idar ita ce kada ka ɗaga ƙafa ka taka, ka riƙa jan ta a kan yashi, domin sai an taka shi yake harbi, kuma kada ka kama wutsiyarsa. Tare da shi za ka ga ƙananan kifayen shak masu baƙin ɗigo a saman ƙayar bayansu. Tsawonsu mita ɗaya da wani abu ne, ba su damu da mutum ba, amma kada ka miƙa musu hannu ko ka riƙe abinci a cikin ruwa.

Ta biyu ita ce lambun murjani, inda ake ba ka tabarau na ruwa da bututun numfashi. Idan ba ka taɓa sakawa ba, ka gwada a wuri marar zurfi tukuna. Tabaran ya rufe ido da hanci, ka ciji bakin bututun, ka yi numfashi ta baki a hankali. Idan ruwa ya shiga bututun, ka hura da ƙarfi sau ɗaya ya fita. Minti biyar na farko kowa na jin kamar zai shaƙe, daga nan sai jiki ya saki. Murjani abu ne mai rai, tsayawa a kansa na kashe shi, shi kuma yana yanka kamar reza, yankan kuma kan yi ruwa ya daɗe bai warke ba. A cikin duwatsun akwai wata halitta mai kama da bushiya, da kuma wani kifi mai dafi da ke kwanciya kamar dutse, wanda suke kira nohu. Dalilin takalmin roba ke nan. Idan ka ji igiyar ruwa na jan ka, kada ka yi kokawa da ita, ka kwanta a kan rigarka ka ɗaga hannu, mai kwale-kwale na kallo.

Wasu sukan fita ta ƙofar Teavanui zuwa wajen katanga, inda ruwa ke da zurfi da duhu. Wanda yau ce ranarsa ta farko ya zauna cikin kwale-kwale ya yi kallo daga sama, ruwan garau yake.

Daga cikin tafkin ne za ka ga dutsen Otemanu yadda ya kamata, tsayinsa mita 727, ragowar tsohon dutse mai aman wuta ne da ya daɗe da mutuwa. Za kuma ku wuce ɗakunan otal da aka kafa a kan ruwa. Na masu kwana ne, ba a shiga sai da izinin wuni da ake saye tun kafin ranar.

Idan kai ba na ruwa ba ne

Titi ɗaya ne ya zagaye babban tsibirin, kilomita 32. Da ƙaramar motar haya za ka gama shi cikin awa biyu har da tsaye-tsaye, kuma hannun dama ake tuƙi kamar gida. Keke ma na yi, amma da rana tsaka wahala ce.

Ka nufi arewa zuwa Faanui. A 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan harin da Japan ta kai Pearl Harbor, Amurka ta kafa sansanin shan mai a nan, ta jibge dubban sojoji har zuwa 1946. Yaƙin bai taɓa isowa ba, amma sun bar manyan bindigogin igwa a kan tuddai suna tsatsa, sun kuma bar filin jirgin saman da ke kan Motu Mute, wanda har yau shi ake sauka. Hawa wurin bindigogin sai da mota mai ƙarfi ta masu yawon tudu. A bakin titi kusa da Faanui akwai tsohon wurin bauta na duwatsu, Marae Fare Opu, da zanen kunkuru a jikin dutse. A hanya za ka lura da kaburbura a ƙofar gidaje. Iyalai ne ke binne nasu a filinsu, kada ka tsaya ɗaukar hoto ba ka nemi izini ba.

Hawan dutsen Pahia mai mita 661 ba na fasinjan wuni ɗaya ba ne, ka bar shi.

Ka ƙare a bakin ruwan Matira, can kudu, ƙasa da kilomita 10 daga Vaitape. Na kowa ne, ba a biyan ko sisi, yashinsa fari, ruwan kuma za ka yi nisa a ciki bai kai maka ƙirji ba. Wanda ya zo da yara ko tsofaffi yana iya tahowa nan kai tsaye daga kwata ya wuni. A nan ne tseren kwale-kwalen Hawaiki Nui Va'a ke ƙarewa kowace shekara, bayan kwana uku daga tsibirin Huahine. Abin kiyayewa ɗaya: ka yi magana da direban da ya kawo ka a kan lokacin da zai dawo, domin motar haya ba ta yawo a titi kamar a-daidaita-sahu.

Abinci da salla

Abincin da suke alfahari da shi ɗanyen kifin tuna ne da aka jiƙa a ruwan lemun tsami, aka zuba masa madarar kwakwa da tumatir da kokwamba, da Faransanci suna ce masa poisson cru. Idan ranka bai karɓi ɗanye ba, akwai gasasshen kifi, da gwaza, da ayaba, da wani ɗan itace mai kama da doya idan an gasa, uru. Abin lura shi ne girkin rami da ake yi ranar biki, ahima'a: alade na cikin manyan kayansa, kuma a rami ɗaya ake jera komai. Ka tsaya a kan kifin da aka gasa dabam. Abin sha mai kala da ake miƙowa a kwale-kwale sau da yawa da giya a ciki, ka tambaya, ko ka nemi a fasa maka kwakwa.

Kada ka sa ran jin kiran salla. Azahar kan shiga wajen ƙarfe 12, lokacin da galibi kana kan motu ko Matira. Ka zo da ƙaramar darduma, ka ware ruwan gora na alwala. Batun ƙasaru da haɗa salloli ka tambayi malaminka tun kafin ka bar gida.

Alƙibla kuwa sai ka manta da sabo. Mu a gida "fuskantar gabas" muke cewa, amma daga Bora Bora alƙibla na yamma ne mai karkata arewa, wajen digiri 296 a kan kamfas. Wannan yanki shi ne bayan duniya ga Makka: tsibirin Tematangi, a cikin Polinesiya ta Faransan nan, shi ne tudun da ya fi kusa da wurin da ke daidai kishiyar Ka'aba a doron ƙasa. Ka sauke manhajar da ke aiki ba tare da intanet ba tun kana jirgi.

Tsaraba

Ka bar sayayya sai ka dawo Vaitape, kusa da jigila. Zanen pareu mai rinin hannu ba ya da nauyi, kuma matan gida za su san abin yi da shi. Man monoi man kwakwa ne da aka jiƙa furen tiare a ciki, na gashi da jiki. Akwai kuma banila daga tsibirin Taha'a da ke maƙwabtaka.

Baƙin lu'ulu'u shi ne mai cin kuɗi. Kiwonsa ake yi a cikin kawa, mafi yawa a tsibiran Tuamotu da Gambier. Farashinsa na bin girma, da zagaye, da sheƙi, da tsabtar fuska. Ka fita da shi hasken rana ka juya shi, idan kana ganin inuwarka a jiki sarai, sheƙinsa mai kyau ne. Mai tsada kuma kada ka saya sai da rasit da takardar shaida. Murjani da ƙwaryar halittun ruwa da ka tsinta a gaɓa ka bar su inda ka gan su, kwastan na iya ƙwacewa.

Komawa

Lokacin da aka rubuta na jigila ta ƙarshe, lokacin tashinta ne daga kwata, ba lokacin isowarka ba. Ka kasance a wurin awa guda kafin nan, domin layi kan yi tsawo a ƙarshe, kowa ya dawo lokaci ɗaya da jiƙaƙƙen tawul. Idan ƙaddara ta sa mota ta lalace ko ka ga za ka makara, ka kira lambar wakilin nan take, kada ka jira sai lokaci ya wuce. Wanda jirgi ya bari, shi zai biya wa kansa kuɗin jirgin sama daga Motu Mute zuwa Papeete, tafiyar kusan minti 50, sannan ya nemi yadda zai riski jirginsa a tasha ta gaba. Lambar motar asibiti 15 ce, ta jandarma 17.

A ƙofar jirgi za a sake duba katinka, a saka jakarka a na'ura. Da shigarka ɗaki ka wanke duk wata ƙujewar murjani da sabulu da ruwa mai daɗi, idan ta yi ja ko ta kumbura ka je wurin likitan jirgi a daren, kada ka bari sai gobe. Sannan ka hau bene na sama ka tsaya ta baya, domin idan jirgi ya nufi Teavanui, Otemanu a bayanku zai kasance, rana kuma na faɗuwa ta gaba. Magariba kan riske ku a daidai ƙofar ko bayan an fita, kuma da zarar jirgi ya juya ya kama hanyarsa, sai ka sake duba kamfas kafin ka shimfiɗa darduma.